Yadda Ake Renon Dayatom na Teku a Ɗakin Gwaji

Dayatom gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya tak, tana zaune cikin ɓawon silika, wato ɓawon gilashi. Ɓawon gida biyu ne, gindi da murfi, murfin ya ɗan fi girma ya hau kan gindin kamar yadda ake rufe batta. Kusan duk wahalar renonsa daga wannan ɓawo take tasowa. Shi ya sa yake buƙatar siliket, sinadarin da yake gina ɓawon da shi, wanda yawancin sauran gansakuka ba su damu da shi ba, shi ya sa yake nutsewa ƙasan kwalba, kuma shi ya sa wasu ire-irensa suke ƙanƙancewa a hankali har su ƙare a hannun mai reno ko da bai yi kuskure ko ɗaya ba. Kwalbar dayatom ba samfurin da ake ajiyewa a kan kanta ba ce. Kiwo ce, tana son a duba ta kullum.

Iri da za a fara da shi

Wanda bai taɓa yi ba ya fara da Phaeodactylum tricornutum. Yana da juriya, yana girma a ruwa da kan agar, wato daskararren sinadari mai kama da jeli da ake reno a kansa, kuma ɓawonsa ba shi da silika sosai, har yakan rayu babu siliket. Wannan sauƙin nasa shi ne kuma aibinsa, domin abin da aka gani a kansa ba lallai ya shafi sauran dayatom ba. Na biyu shi ne Thalassiosira pseudonana, ɗan ƙarami mai siffar ganga, faɗinsa kamar maikiromita biyar (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya). Zuriyar da aka fi aiki da ita, CCMP1335, Robert Guillard ne ya ware ta daga Moriches Bay da ke Long Island a Amurka a 1958, kuma ita ce dayatom ta farko da aka karanta dukan ƙwayoyin gadonta a 2004. Masu ƙyanƙyasar jatan lande da kawa sun fi riƙe Chaetoceros da Skeletonema. Inda zafi ya yi yawa kuma sanyaya ɗaki ke da wuya, Chaetoceros muelleri ya fi dacewa, don yana ɗaukar digiri 30 ba tare da ya karye ba, alhali Phaeodactylum yakan tsaya cak kafin a kai nan.

Ana sayen tsabtataccen iri daga rumbunan da aka kafa don haka: NCMA a Bigelow da ke jihar Maine, CCAP a Oban ta Sukotilan, rumbun Roscoff a Faransa, da UTEX a Texas. Kowane iri yana zuwa da lambarsa da bayanin ruwan da ya saba da shi da zafin da ake riƙe shi. A fara da wannan yanayin daidai, sai daga baya a sauya a hankali.

In kuwa daga teku za a ware, a ja ragar filankton, wato ta kama ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, mai ido maikiromita 20, a ajiye samfurin a inuwa da sanyi, a yi aikin a ranar. A ja bakin fifet ɗin gilashi, wato siririn bututun ɗiban ruwa, a kan wuta har ya yi siriri, a tsinci ƙwaya ɗaya ko sarƙa ɗaya a ƙarƙashin maikiroskof, a wuce da ita cikin ɗigon tsabtataccen ruwan teku uku zuwa biyar don ta bar baƙin da ta zo da su, sannan a sa ta a ramin faranti mai ruwan reno. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jefa ta cikin ruwa mai cikakken taki. Ƙwayar da ta fito daga teku ba ta saba da wannan ƙoshin ba. A sirka takin sau biyar zuwa sau ashirin da biyar tukuna.

Ruwa

Ruwan teku na ainihi ya fi, in daga nesa da gaɓa aka ɗebo shi. A tace shi da matata mai ido maikiromita 0.45 ko ƙasa, a ajiye a duhu da sanyi. Wanda ya yi watanni a ajiye ya fi sabo, saboda bakteriya sun cinye dattin da ke narke a ciki. Wanda ke nesa da teku sai ya haɗa nasa, ko dai da tsarin ESAW daga sinadarai tsantsa, ko da gishirin da ake sayarwa don tankin kifin teku, kamar giram 35 a lita ɗaya ta ruwan da aka turara. A auna da ma'aunin gishiri, a nemi 30 zuwa 35 cikin dubu. Gishirin miya ba ya yin wannan aiki, don babu magnesiyam da kalsiyam da fotasiyam da salfet a cikinsa yadda teku ke da su. Ruwan famfo ma a bar shi, saboda kulorin da jan ƙarfen bututu.

Haɗa f/2

Ruwan renon da ya zama ruwan dare shi ne f/2, wanda Guillard da Ryther suka kafa tushensa a 1962. Ana fara haɗa uwar haɗi, wato haɗi mai kauri da ake ɗiba kaɗan-kaɗan daga cikinsa, guda biyar, kowacce a kwalbarta, cikin lita ɗaya ta ruwan da aka turara:

Naitiret: NaNO3, giram 75.
Fosfet: NaH2PO4·H2O, giram 5.
Siliket: Na2SiO3·9H2O, giram 30.
Ƙarafa: Na2EDTA·2H2O giram 4.36 da FeCl3·6H2O giram 3.15, sai a ƙara mililita ɗaiɗai daga ƙananan haɗi biyar da aka yi tun farko a kan lita: CuSO4·5H2O giram 9.8, Na2MoO4·2H2O giram 6.3, ZnSO4·7H2O giram 22, CoCl2·6H2O giram 10, MnCl2·4H2O giram 180.
Bitamin: tiyamin miligiram 200, bayotin miligiram 1, B12 miligiram 1.

A cikin kusan mililita 950 na ruwan teku a zuba mililita ɗaya daga kowacce cikin huɗun farko, da rabin mililita na bitamin, a cika zuwa lita. A riƙa motsawa tsakanin wannan da wancan, musamman siliket, wanda in aka kwarara shi gaba ɗaya sai ya yi farin gajimare. Wajen haɗa ƙarafa a narkar da EDTA tukuna kafin ƙarfe ya shiga, in ba haka ba ƙarfen zai kwanta kamar tsatsa. Uwar siliket a robar ɗakin gwaji ake ajiye ta, don tana cin gilashi. Bitamin kuma a raba ƙananan kwalabe a daskarar, a riƙa fito da ɗaya-ɗaya.

Akwai wani lissafi a cikin wannan haɗin da ya kamata kowa ya sani. Litar f/2 tana ɗauke da naitiret maikiromol 882, fosfet kusan 36, siliket kuma 106 kacal. Dayatom mai cikakken ɓawo yana cin naitirojin da silikon kusan kunnen doki. Ke nan siliket zai ƙare tun naitiret bai ko girgiza ba. Wanda ke son kwalba ta yi kauri ya ninka siliket sau biyu, wani lokaci ma fiye. Abu na biyu, f/2 ba shi da seleniyam. A ruwan teku na ainihi ba a cika lura ba, amma a ruwan haɗi T. pseudonana yakan raunana bayan dashe biyu ko uku, wato mayar da shi cikin sabon ruwan reno. Ruwan L1, wanda Guillard da Hargraves suka fitar a 1993, ya toshe wannan giɓin.

Wanki da dafawa

A wanke kwalabe da sabulun da ba shi da fosfet, a ɗauraye sosai, a jiƙa su kwana ɗaya cikin asid HCl kashi 10 cikin ɗari, a ɗauraye sau uku zuwa biyar da ruwan da aka turara. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Kwalbar da ta taɓa ganin fomalin ko ruwan Lugol, sinadaran da ake kashe ƙwaya da su don a adana ta, ba ta komawa reno har abada, a yi mata alama.

A zuba mililita 100 a kwalbar Erlenmeyer mai cin 250, a toshe da auduga, a rufa takardar alminiyam. In an cika kwalba iska ba ta samun fili. A dafa a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da matsin tururi, digiri 121, minti 15 zuwa 20. Zafin yana korar iskar CO2 daga ruwan, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya hau, sai ka ga farin gari ya kwanta a gindi. Wannan garin ya tafi da wani kaso na fosfet da ƙarfe. Ana rage shi ta hanyar sirka ruwan teku da ruwan da aka turara kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, da dafa fosfet da ƙarafa daban a zuba bayan ruwa ya huce, da fito da kwalabe da zarar matsin tururi ya sauka. Bitamin a tace shi da matata mai ido maikiromita 0.2 a zuba a ƙarshe. Kada a shuka a ranar. A bar ruwan ya kwana ɗaya ko biyu ya sake shan iska, pH ya dawo wajen 8.

Shuka, haske da zafi

A yi shuka a akwatin iska mai tsabta, ko kusa da harshen wuta a ɗakin da aka kashe fanka, bayan an goge teburi da barasa kashi 70. A zuba iri mililita 1 zuwa 10 a kan kowane 100. Irin ya kasance daga kwalbar da ke tsakiyar girma. Tsohon iri yakan yi kwanaki yana zaune kafin ya motsa, wani lokaci ma ba ya tashi. A rubuta suna da lamba da rana a jikin gilashin, ba a kan murfi ba, domin murfi yana musanyuwa.

Fitila fara ta fulorasan ko LED ta isa. Don girma a nemi maikiromol 50 zuwa 100 na haske a kan murabba'in mita a daƙiƙa, wanda a farar fulorasan ya kama lux 3,500 zuwa 7,000. A sa agogon kashewa da kunnawa, awa 12 haske awa 12 duhu, ko 14 da 10. Sabuwar shuka ruwanta garau ne, babu ƙwayar da ke yi wa wata inuwa, don haka a ja ta baya da fitila kwana biyun farko. Hasken rana ta taga ba abin yarda ba ne, yana iya dafa kwalba cikin awa ɗaya.

Ire-iren tekun ƙasashen sanyi suna son digiri 15 zuwa 20, na tekun zafi 24 zuwa 28. Dayatom yana yafe sanyi fiye da zafi. In ya sauka ƙasa da yadda yake so girma ne kawai zai ragu, amma digiri kaɗan sama da iyakarsa mutuwa ce. Saboda haka a wurin da wuta ke ɗaukewa abin tsoro shi ne zafi. Duhun kwana biyu ko uku ba ya kashe shi, amma inkubeta da ta mutu da tsakar rana a watan Afrilu tana iya gamawa da komai. In babu inbata ko sola, a tsayar da kwalabe cikin babban baho na ruwa don zafin ya riƙa hawa a hankali, a kuma bar ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a ciki.

A juya kwalba da hannu sau ɗaya ko biyu a rana. Masu dogayen ƙayoyi da sarƙa irin Chaetoceros ba sa son girgiza mai ƙarfi. In reno ya wuce lita ɗaya a hura iska ta matata mai ido 0.2.

Karanta kwalba

Kwana ɗaya zuwa uku na farko ba za a ga komai ba. Sai girma ya kankama, ƙananan ire-ire suna rabuwa sau ɗaya zuwa biyu a rana, ruwan ya ɗauki launin shayi marar kauri sannan ya koma ruwan ƙasa mai zinariya. Launin daga sinadarin fukozantin yake, wanda ke rufe koren da ke ciki. Tsakanin kwana bakwai da goma sha huɗu girma yakan tsaya. Ido ba ya iya faɗin ranar da hakan ya faru, sai ƙirga.

A ɗebi mililita ɗaya a lokaci guda kowace rana, bayan an juya kwalbar, a ɗiga ruwan Lugol kaɗan. A lokaci guda, domin ƙwayoyin da ke ƙarƙashin agogon haske sukan rabu tare a wasu sa'o'i, ƙirgar safe da ta yamma ba za su yi daidai ba. Ƙanana a ƙirga su a gilashin ƙirgar jini na Neubauer: matsakaicin abin da ke cikin babban murabba'i ɗaya sau 10,000 shi ne adadi a mililita. Manya da masu sarƙa ba sa shiga ƙarƙashin gilashinsa da kyau, sai farantin Sedgwick-Rafter mai cin mililita ɗaya. A ƙirga aƙalla ƙwaya 400, wanda ke riƙe kuskure wajen kashi goma cikin ɗari. A sarƙa ƙwayoyi ake ƙirgawa, kuma ɓawon da babu kowa ciki ba ya shiga lissafi.

Saurin girma shi ne ln, wato logaridim na asali da ake samu a kalkuleta, na adadin baya a kan na farko, a raba da kwanakin da ke tsakani. In Litinin an samu 100,000 Laraba kuma 400,000, ln 4 shi ne 1.386, a raba biyu a samu 0.693 a rana, wato rabuwa ɗaya a rana. Duk gwajin da za a yi a yi shi a wannan zangon na girma, bayan an bar irin ya yi kamar rabuwa goma a sabon yanayin, ta hanyar dashe sau biyu ko uku kafin a fara ɗaukar sakamako.

Yadda girman ya tsaya yana nuna abin da ya ƙare. In siliket ne, tsayawar ta farat ɗaya ce: ƙwayoyin suna da launinsu, amma ba sa rabuwa, don babu abin gina sabon gindi, kuma waɗanda suka yi ƙoƙari sukan fito da ɓawo siriri ko karkatacce. Da gangan ma ake yin haka ga T. pseudonana, a hana shi siliket awa 24 sannan a mayar, sai yawancin ƙwayoyin su rabu tare. In naitirojin ne, launi ke dusashewa, ɗigon mai kuma ya cika cikin ƙwaya. Masu neman mai suna son wannan. Chaetoceros da dama a irin wannan yunwa sukan rikiɗe su zama ƙwayoyin barci masu kaurin ɓawo su zube ƙasa. In kuwa taki yana nan amma girma ya tsaya, a auna pH. Kwalba mai kauri tana shanye kabon ɗin ruwa, pH ya haura 9, a nan yawancin ire-ire suke ja da baya. Maganinsa iska, ko iska da CO2 kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Hanya mafi sauƙi ta gane mai laifi ita ce a raba renon ƙananan kwalabe huɗu, a ƙara wa ɗaya siliket, ɗaya naitiret, ɗaya fosfet, a bar ɗaya haka, a ga wadda ta farfaɗo.

Ƙanƙancewa

Idan ƙwaya ta rabu, kowace 'ya tana ɗaukar rabin tsohon ɓawo ta mai da shi murfi, ta gina sabon gindi a cikinsa. Wadda ta gaji murfi tana nan da girman uwa. Wadda ta gaji gindi ta ragu kaɗan. Rabuwa bayan rabuwa, matsakaicin girma yana sauka. MacDonald da Pfitzer ne suka bayyana wannan tun 1869. A teku ana farfaɗowa ta hanyar barbara: in ƙwaya ta ragu ƙasa da wani mizani sai ta yi ƙwayoyin haihuwa, su haɗu su ba da wata ƙwaya mai laushin bango da ke kumbura, a gina sabon babban ɓawo a cikinta.

A kwalba abin yakan cije. Dogayen dayatom da yawa, irin su Pseudo-nitzschia, sai jinsi biyu sun haɗu, alhali renon da ya fito daga ƙwaya ɗaya jinsi ɗaya ne. Haka zai yi ta raguwa, siffarsa ta lalace, cikin shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru ya ƙare. Don haka a auna tsawon ƙwaya 30 kowane wata a rubuta. A riƙe zuriyoyi da dama daga wuri ɗaya, in sun ragu a haɗa su bibbiyu a faranti a duba kullum ko an samu barbara. A kuma rage saurin rabuwa a irin ajiya, domin kowace rabuwa tana cin girma. Wasu kamar Ditylum da Coscinodiscus suna iya sake girma ba tare da barbara ba. Phaeodactylum da T. pseudonana kuwa ba a ganin wannan raguwar a jikinsu, abin da ya sa suka yi shekaru sama da sittin a ɗakunan gwaji.

Pseudo-nitzschia yana da wani batun: wasu ire-irensa suna yin gubar domoyik, wadda ta kashe mutane a 1987 bayan sun ci mussel, wata halittar teku mai kama da kawa, ta tsibirin Prince Edward a Kanada, kuma gubar takan ƙaru in siliket ko fosfet ya ƙare. A sa safar hannu, a dafa renon a otokilef kafin a zubar. Wannan dafawar ma dokar kowane reno ce, kada baƙon iri ya shiga magudana.

Halayen da ba ciwo ba ne

Navicula, Nitzschia, Amphora da Cylindrotheca suna da tsaga a ɓawo wadda suke fitar da yauƙi ta cikinta su riƙa jan ciki a kan gilashi. In sun manne a bango sun yi shimfiɗa mai ruwan ƙasa, lafiyarsu ƙalau, a kankaro su da tsabtataccen abin kankara kafin ƙirga. Phaeodactylum yana sauya siffa uku, mai kama da mazari, mai ƙafa uku, da mai siffar ƙwai wadda ke yawaita a kan agar ko cikin takura. Wanda bai sani ba sai ya zaci baƙo ne ya shigo. Sarƙar Skeletonema takan gajarce bayan an daɗe ana reno. Dunƙulewa da zubewa ƙasa kamar dusa alamar tsufa ce, yauƙi ya yi yawa, lokacin dashe ya wuce.

Baƙi

Ruwa ya yi fari-fari ko ya yi wari, bakteriya ne. Ya koma kore, wata gansakuka ta ƙwace gida. Ya washe cikin dare ɗaya, a nemi ƙananan halittu masu iyo da ke cinye ƙwayoyin. Ceto ta hanyar sake tsintar ƙwaya ɗaya ne, ko a ja layi a kan agar kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari a ɗauki tsibi mai tsabta. Don gwada ko akwai bakteriya a ɗiga reno cikin ruwan teku mai feftan, wato abincin bakteriya, a ajiye a duhu mako guda, in ya gurɓace suna nan. Ba kowane aiki ne ke buƙatar a kore su ba. Dayatom da yawa, har da T. pseudonana, ba sa rayuwa babu B12, kuma bakteriya ne ke yin sa, don haka renon da aka wanke da fenisilin da sitireftomaisin ya dogara kacokan ga bitamin ɗin da ka zuba. Da hunturu a ƙara kula da rufe faranti. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi cike take da ɓawon dayatom na tsohon tafki, kuma ɓawon da ya faɗo kan gilashi daga iska ba shaidar gurɓatar reno ba ce.

Irin ajiya

A riƙe irin ajiya a bututu mai mililita 10 zuwa 20, a haske mai rauni kamar maikiromol 20, a ƙasan zafin da yake so. A yi dashe kowane mako biyu zuwa huɗu. Kada a zubar da tsohon bututu sai an ga sabon ya kama, a riƙa ajiye zuriya uku a jere: kaka, uwa da 'ya, ɗaya daga ciki a wata inkubeta dabam. Ba a ɗiban irin ajiya don aikin yau da kullum, daga shi ake tayar da kwalbar aiki.

Ƙananan ire-ire suna ɗaukar daskarewa. A haɗa reno mai ƙarfi da DMSO, sinadarin da ke kare ƙwaya daga ɓarnar ƙanƙara, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a bar shi kamar minti 15 a duhu, a sauke zafi digiri ɗaya a minti har ƙasa da sifili da 40 ko 80, sannan a tsoma cikin ruwan naitirojin, wato iskar naitirojin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Wajen tayarwa a narkar da sauri a ruwa mai ɗumin digiri 37, a sirka da sabon ruwan reno don DMSO ya tsinke, a bar shi kwana ɗaya a duhu ko haske kaɗan. Manyan ƙwayoyi masu babban kogon ruwa a ciki galibi ba sa tashi, ƙanƙara tana fasa su. A narkar da bututu ɗaya bayan mako guda a tabbatar ya tsiro kafin a saki renon da ke raye.